Dafaffen Iri

Unguwar Gide, ta Sheme
Ƙarshen watan Mayu

Zuwa ga taubashiyata Tabita,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya Zariya, yaya karatun tsufa? An ce mani har tabarau kika sa, to Allah ya sa allurar ta riƙa shiga inda aka nufa. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar uwargida da ke tashi duk lokacin da hadari ya haɗo. Ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙu. Ƙarfen sabis ɗinmu har yau a kwance yake, shi ya sa na ba Adnan direba wannan takarda ya kawo maki.

Kin san tun bara, da 'yan bindiga suka ƙone mamu rumbuna suka kashe yayanki Ɗanliti, dattawan ikilisiya suka ɗora mani koyar da matasa duk Lahadi da yamma. Gafara nake koya masu, Tabita, ni da akuya in ta ci mani wake sai in wuni ina zaginta. Yaran suna saurare da ladabi. Amma in muka tashi Addu'ar Ubangiji, da mun iso wurin da ake maganar yafe wa masu yi mamu laifi, sai ki ji tsit. Muryata kaɗai ke wucewa ta wurin, su tare ni a gaba. Shugaban masu shirun kuwa Samuel ne, ɗan yayanki. Rufe baki yake ya zuba mani ido.

Ya taɓa tambayata, “Malam, wanda za mu yafe wa ɗin, yana can daji yana cin naman shanunmu, ya ma san an yafe mashi?” Na ba shi amsa, amma ni kaina ban ƙoshi da ita ba.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Lahadin da ta wuce muna zaune gindin ɗorawar majami'a, sai ga Baba Mamuda da ƙwarya a hannu. Uban Sha'ibu nake nufi, Sha'ibun da ya nuna wa mutanen nan hanyar gari ya kuma bi su daji. Shi ma tsohon wutar ba ta bar mashi rumbu ba, kuma tun ranar ba mai amsa sallamarshi, mu da Musulmin duka. Ya je Damari neman iri wurin danginshi, ya tarar sun watse. Ga tsohuwarshi, ga ɗiyan Sha'ibu ƙanana da aka bar mashi. Ya tsaya nesa, ya ce, “Samuel, iri na zo roƙo.”

Kin fi ni sanin garinmu. Tun zamanin kakanni, tun ba a san majami'a ko masallaci ba a unguwar nan, wanda ya zo da ƙwarya neman iri ba a mayar da shi hannu banza, ko da jiya kuka yi dambe. Kuma duk garin, jar dawar kaura ta Ɗanliti ce kaɗai ta tsira, don a madafa ya rataye zangarniyar, wuta ba ta kai can ba. Ajin duk ya juya yana kallon Samuel. Shi kuwa ya ce, “Ka dawo jibi, Baba.”

Jibin ina wurin. Samuel ya cika wa tsohon ƙwarya fal. Ya sussuke irin, har wanke shi ya yi ya shanya a tabarma, sai ƙyalli yake. Tsohon ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya jefa baki irin na tsofaffi, ya daɗe yana kallon yaron, ya yi godiya ya tafi. Tabita, na koma bayan ɗaki na yi kuka, ban ji kunya ba. Ina ta ɓaɓatu wata da watanni ina zaton iska nake shuka wa, ashe Ubangiji na aikinshi a ɓoye.

Ki gaida abokan karatu, in akwai sa'anninki a cikinsu.

Naki,
Tanimu


Zariya
Watan Yuni

Malam Tanimu,

Salamar Ubangiji ta kasance tare da kai da iyali. Ina lafiya, tabarau kuma ya karɓe ni, mai baƙin ciki sai ya mutu. Ka ce wa uwargida ta riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi, ta rage ɗaukar itace.

Takardarka ta same ni ina shirin zuwa zumuntar mata, sai na tafi da ita na karanta masu. Ba ka ga yadda mata suka yi ba. Wata daga Sabuwa, wadda ita ma aka kashe mata miji, ta durƙusa tana ta waƙa tana hawaye. Sun ce in gaya wa Samuel suna yi mashi addu'a.

Ni dai kada ka sa ni cikin ajinka. Yaron ya fi ni. Uban wancan la'anannen, ko sunanshi ba na iya furtawa, in na tuna a ƙofar gidanmu yake zama Yaya Ɗanliti ya miƙa mashi fura. Ban kai inda kuke ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba.

Amma da na dawo na sake karantawa, wani wuri ya tsaya mani. Ka ce ya wanke irin. A gidanmu wa ke wanke iri? Biki za shi? Toka Yaya ke barbaɗa wa zangarniya, sai ranar shuka da safe ake sussukawa. Samuel a gindinshi ya tashi, ya san haka. Kuma abin da ke rataye a madafa, me ya hana a ciro shi nan take, sai jibi? Ka duba mani.

Ka gaida Fasto da dattawa, da matar Yaya, da Samuel.

Taubashiyarka,
Tabita


Unguwar Gide
Ƙarshen Yuni

Tabita uwar tsiwa,

Gaisuwa da fatan alheri. Gwiwa ta yi sauƙi, mai ita na godiya. Damina ta kankama, ba ma da abin cewa sai godiya.

Na ga tambayarki na yi dariya har uwargida ta leƙo. Ke dai tun muna yara ba ki ganin farar riga a jikina ki ƙyale, sai kin nemo inda miya ta ɗiga. Yaro ya yi abin da manya suka kasa, ke kuma wankin iri ya dame ki. Zangarniyar da ta shekara cikin hayaƙi ai dole ta yi baƙi, ya wanke don ya mutunta tsohon. Ki bar ni in ci wannan nasarar ko sau ɗaya.

Gonar marigayi ta yi kyau ƙwarai, dawa ta fito cunkus har ta yi yawa. Ta Baba Mamuda ce dai ba ta yi ba, ko tsiro ɗaya ban gani ba. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce gara ce da tsuntsaye, ƙaddara ce. Abin da ke ba ni mamaki, kullum da safe yana can yana nome kunyoyin, ba ya barin ko ciyawa ɗaya, alhali ba abin da ke cikinsu. Mutane na cewa baƙin ciki ya taɓa mashi kai.

Samuel ya ɗan ɗauke ƙafa daga aji, ina jin yabon ne ya ishe shi. Ga wani albishir: labari ya kai Kankara, Faston can ya aiko yana so in kawo shi taron matasa na watan Agusta ya ba da shaida gaban jama'a. Na amsa.

Naki,
Tanimu


Zariya
Watan Yuli

Tanimu,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Wannan ce takarda ta biyu da na aiko ban ji amsa ba. An ce hanyar Sheme ta rufe, an tare motoci. Ba na iya cin abinci. In kana da rai ka aiko ko da layi ɗaya ne.

Ka ajiye wasan taubasai gefe, ba tsokanarka nake ba. Ruwa ba ya tsami banza. Gara ba ta cinye gona guda ta tsallake ta maƙwabci, kai ma manomi ne, murna ce ta rufe maka ido. Tun da ba ka gane a kaikaice ba, bari in faɗa maka ɓaro-ɓaro: ina jin yaron nan dafa irin ya yi. Ya zuba a ruwan zafi, ya tsame, ya shanya. Shi ya sa ya nemi jibi.

In haka ne, gidan can ba su da abincin shekara, kuma lokacin shuka ya wuce. Ba tsohon nake ji ba, Allah ya sani. Ƙananan yaran nake ji, su ba su nuna wa kowa hanya ba. Fiye da kowa kuma ɗan yayana nake ji, da zai kwana ya tashi da wannan a cikinshi. Don girman Allah kada ka tsayar da shi gaban jama'a a Kankara ya yi ƙarya da sunan Yesu. Ni ma ga shi na riga malam masallaci, na sa mata kuka a kan abin da ban tabbatar ba.

Tabita


Unguwar Gide
Watan Agusta

Tabita 'yar'uwata,

Muna raye, muna lafiya, ki kwantar da hankalinki. Gaskiya ne an tare hanya, Adnan ya ajiye mota a Faskari ya ƙi fitowa, sai da aka buɗe ya kawo mani takardunki biyu a haɗe. Ba wanda aka taɓa a garinmu.

Kin yi gaskiya. Na faɗa, ki adana, don ba kullum za ki ji ta daga bakina ba.

Da na karanta, na iske Samuel a gonar ubanshi. Ban yi kwana-kwana ba, na tambaye shi. Ko gezau bai yi ba. Ya ce, “Na dafa shi, Malam. Kun tsare ni, ku da al'ada da ajinku, kowa ya zuba mani ido. In hana a ce na hana iri, in bayar in ciyar da gidan da ya ci ubana. So nake ya riƙa zuwa gona kullum yana jiran abin da ba zai fito ba, kamar yadda innata ke kallon ƙofa.”

Duk ayoyin da na haddace suka gudu suka bar ni. Sai ya ajiye fartanya ya ce tun da magana ta fito, bari ya je ya faɗa wa tsohon da bakinshi, ya ga fuskarshi. Na bi shi don kada a yi ɓarna.

Muka sami tsohon duƙe yana noma ƙasa tsirara, rana ta fara zafi. Samuel ko gaisuwa bai yi ba. Ya ce, “Baba Mamuda, ba gara ba ce. Ni na dafa irin.”

Tsohon ya miƙe a hankali, ya dafa ƙugu. Ya ce, “Na sani, ɗana. Tun a gabanka na tauna, na ji ya sha wuta.”

Samuel ya ce, “Ka sani? To don me ka shuka?”

Ya ce, “In na mayar maka da ƙwaryar, gari zai tambayi dalili. Za a ce ɗan Ɗanliti ya ha'inci iri, abin da ba a taɓa ji ba a unguwar nan, ya bi ka har jikokinka. Ubanka bai cancanci haka ba. Nawa ɗan ya riga ya ɓata mani suna, ban ga amfanin a ɓata biyu ba. Kuma abin da gidana ya ɗauke maku, damina ɗaya ba ta biyanshi.”

Ni na tambaye shi noman fa, na mene ne, tun da ya san ba abin da ke ƙasa. Ya ce in ya bar ta ta yi ciyawa mutane za su gane ya san ba ta fitowa. Ya ƙara da cewa, “Ita gonar kuma ba ta yi wa kowa laifi ba, Malam.”

Tabita, na ji tsoron Allah a wurin nan irin wanda ban taɓa ji a kan bagade ba. Wata nawa ina faɗa wa yaran nan yadda Yesu ya ɗauki kunyar waɗanda suka cuce shi ya rufe su da ita, ina neman misali ina rasawa. Ashe misalin na nan bayan gari da fartanya, mutumin da ba ya shiga majami'armu, wanda kuma shi muke ta shawarar ko za mu iya yafe wa. Samuel ya juya ya tafi, ko fartanyarshi bai koma ɗauka ba. Na ce a raina shi ke nan, na rasa yaron.

Aka kwana biyu ban gan shi ba. Ranar Alhamis aka wayi gari da ruwa, yayyafi bai tsaya ba, sai ga Grace, ɗaya daga cikin 'yan ajina, ta shigo a jiƙe ta ce in zo in gani. Na iske Samuel cikin dawar ubanshi yana cira. Kin san in za a rage dawa, raunanan ake cirewa a bar masu ƙarfi. Shi kuwa duk gindin da ya je, mai ƙarfin yake tumɓukewa da saiwarta, ya datse ganyen sama, ya tara. Da ya yi dami ya ɗora a kai, ya nufi gonar Baba Mamuda. Dashe zai yi.

Bai kira kowa ba, ni ma ban ce a yi gayya ba. Grace ce ta fara tuɓe takalmi, ita da aka harbe wanta a gabanta. Sai wani ɗan aji ya bi, sai wani. Ba duka ba, kada in ƙara gishiri. Akwai waɗanda suka tsaya bakin hanya suna kallo, ɗaya ma ya tofar da yawu ya tafi, har yau bai dawo aji ba. Amma kafin azahar akwai layin yara tsakanin gonakin biyu, dami na tafiya bisa kawuna cikin ruwa. Kuma da yake tsohon bai bar ciyawa ko ɗaya ba, ƙasa a shirye take, sai huda rami da dannawa. Shi kanshi ya zo ya tsaya a gefe, ruwa na dukanshi, bakinshi na motsi. Ya rasa abin yi, sai ya shiga bin bayan Samuel yana danne gindin kowace dawa da ƙafa.

Da muka tashi, Samuel ya matso kusa da ni, laka har gwiwa. Ya ce, “Malam, kada ka rubuta wa Goggo cewa na yafe. Ban sani ba tukuna. Na dai kasa barin gonar nan haka.” To ga shi na rubuta maki yadda ya faɗa.

Na aika Kankara na ce ba mu zuwa. Dashen ya yi laushi kwanakin farko, yanzu ya miƙe. Ya makara, sai in ruwa ya kai mamu Oktoba. Ki taya mu roƙo.

Naki,
Tanimu


Unguwar Gide
Kaka

Tabita,

Gaisuwa mai yawa. Lafiya muke. Ke ce dai shiru tun Agusta, Adnan kuwa ya rantse a hannunki ya sa takardar. In fushi kike da mu, ki faɗa, na saba.

Ruwa ya kai. Gonar marigayi ta ragu da kusan kashi uku cikin goma saboda abin da aka cire, matar yayanki ta yi gunaguni, daga baya ta bari. Ta Baba Mamuda ba ta cika rumbu ba, amma za ta kai su bazara. Ranar da ya gama yanka ya zaɓo zangarniya mafi kyau, ya cika ƙwaryar nan, ya barbaɗa toka, ya kawo wa Samuel. Samuel ya karɓa da hannu biyu, ya rataye a madafa inda ubanshi ke ratayewa.

Lahadin da ta biyo muna addu'a, da muka iso wurin da suke shiru, na ji wata murya a bayana, ta makara da kalma guda. Ban waiwaya ba, na san mai ita. Ni ne ma na kasa ƙarasawa, su suka kai addu'ar ƙarshe.

Abin da ke cikin ƙullin nan tsohon ne ya ware da hannunshi. Ya ce a kai wa ɗiyar gidan da ke Zariya, kaurar yayanta ce, in ba ta so ta ba kaji. Ni dai roƙona ɗaya, kada ki dafa.

Tanimu


Zariya
Watan Disamba

Malam Tanimu,

Salama. Ina lafiya, an gama jarrabawa. Ba fushi nake ba. Na sha ɗaukar biro ina ajiyewa, don duk abin da na rubuta sai in ga ya yi wa maganar kaɗan.

Na koma zumuntar mata na ce masu labarin farko ba haka yake ba, na karanta masu ta Agusta daga farko har ƙarshe. Wannan karon ba wadda ta yi waƙa. Matar nan ta Sabuwa ta riƙe hannuna a ƙofa ta ce wannan ta fi shiga jikinta, don ita ma dafaffen iri take ba mutane tun da mijinta ya mutu, tana murmushi.

Ƙullin ya iso. Na kwance na ga jar kaurar Yaya, har da ƙanshin tokar. Da farko na ajiye ta bayan ƙofa, na ce ba ta kwana kusa da ni, saboda gonar da ta fito. Washegari na ɗauko. Na ciri ƙwaya ɗaya na tauna, kamar yadda ka ce tsohon ya yi. Ɗanya ce, Tanimu, mai rai. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Ina nan tafe Kirsimeti in hanya ta yi kyau. Ka ce wa Samuel Goggo ta ji saƙonshi, ita ma ba ta sani ba tukuna. Ka bar mani wuri a bayan ajinka, amma kada ka kuskura ka yi mani tambaya gaban yara.

Ka gaida uwargida da gwiwarta, da Fasto, da matar Yaya, da Grace. Ka ga rubutun ya karkace daga nan, ba laifin tabarau ba ne.

Ka gaishe mani da Baba Mamuda.

Tabita